Tsattsewa da Yadda Ta Ke Renon 'Ya'yanta

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in ba ku labarin wata 'yar tsuntsuwa wadda kowa a cikinmu ya saba gani, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su dube ta da kyau, watau tsattsewa. Ni ma da haka na ke. Kunya ce ta sa na san ta, ga kuwa yadda aka yi.

A daminar da ta wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Manchok, aka ba ni aji huɗu. Ajin nan tsohon gini ne, ba shi da silin, in ka ɗaga kai sai ka ga katakon rufi da kwano. Cikin watan Mayu, ban daɗe da zuwa ba, sai ga waɗansu tsuntsaye biyu suna shigowa ta wata kafa tsakanin bango da kwano, su fita, su komo, kowanne da ɗan taɓo a baki. Yara suka bar kallon allo, suka koma kallon sama. Da na ga ba dama, sai na ce bari in mai da abin ya zama darasi. Na taɓa karantawa cewa tsattsewa daga Turai ta ke zuwa, saboda haka na gyara murya na gaya wa yara cewa waɗannan baƙi ne daga Ingila, sun ƙetare teku da hamada don su yi sheƙa a ajinmu. Yara suka yi ta murna.

Ranar nan kuwa malaminmu na ilimin halittu ya zo duba ni, yana zaune can baya. Bai ce kome ba sai da aka tashi. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, darasinka ya yi armashi. Amma gaya mini, a watan Mayu ina tsattsewar Turai ta ke?" Na yi shiru. Ya ce, "Tana Turai, tana kan ƙwanta. Je ka dubi maƙogwaron tsuntsayenka da wutsiyarsu, sa'an nan ka koma ka gyara wa yaran nan, gama abin da malami ya faɗa a aji huɗu, yaro ya kan riƙe shi har ya yi furfura."

Kashegari na tsaya gaban yara na ce na yi kuskure. Abin bai yi mini daɗi ba, amma daga ran nan muka shirya, ni da su, za mu sa wa tsuntsayen nan ido har mu ga ƙarshensu. Abin da muka gani da idonmu, da abin da na samo a littattafai, shi ne zan bayyana a nan.

Suna ɗaya, tsuntsu dabam dabam

Da fari dai ya kamata mu sani, sunan nan tsattsewa mu kan ba tsuntsaye iri da yawa. Huɗu daga cikinsu su ne za ka fi gamuwa da su a wajenmu.

Ta farko ita ce ta Turai, wadda masana ke kira Hirundo rustica, sunan da wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya ba ta a 1758. Bayanta baƙi ne mai ƙyallin shuɗi, goshinta da maƙogwaronta ja wur, akwai baƙin zane da ya ratsa ƙirjinta daga gefe zuwa gefe, cikinta fari. Wutsiyarta ta rabu biyu, da dogayen gashi siri-siri guda biyu. Nauyinta duka wajen giram 20 ne, watau kamar sukari cikin cokalin shayi biyar. Wannan baƙuwa ce a ƙasarmu. Ta kan iso wajen Satumba ko Oktoba, ta koma wajen Maris ko Afrilu, ba ta yin sheƙa a nan.

Ta biyu ita ce tamu ta gida, wadda ta shiga ajina. Masana suna ce da ita Hirundo aethiopica, watau tsattsewar Habasha, don daga can aka fara rubuta bayaninta a 1869. Danginsu ɗaya da ta Turai, sun kuwa yi kama ƙwarai, sai dai tamu ta fi ƙanƙanta, maƙogwaronta fari-fari ne ba ja ba, zanen ƙirjinta ya yanke a tsakiya, wutsiyarta kuma gajera ce. Da na duba maƙogwaro tun farko, da ban sha kunya ba.

Ta uku mai jan kai ce da jan gindin wutsiya, cikinta da zane-zane baƙaƙe kamar an ja da alƙalami. Ita ba ta barin sheƙarta a buɗe. Ta kan manna ta a ƙarƙashin rufi ko gada, ta rufe ta ruf kamar gora, ta yi mata dogon wuya inda za ta riƙa shiga.

Ta huɗu ita ce baƙar nan mai farin gindin wutsiya, wadda ke shawagi jama'a-jama'a da maraice tana tsuwa kewaye da manyan gine-gine. Wannan ko dangi ba su haɗa da sauran ukun ba, kama ce kurum. Ƙafafunta gajeru ne ainun, ba ta iya zama bisa waya, sai dai ta maƙale a bango. Ba ta kuma gini da taɓo, da gashi da ciyayi ta ke yi, ta manne su da miyau. Saboda haka in ka ga tsuntsu zaune bisa wayar lantarki, ka tabbata ba ita ba ce.

To, tun da ta Turai da tamu 'yan'uwan juna ne, gininsu da renonsu kusan duk ɗaya ne. Abin da ɗan makarantar Ingila ke gani a garken shanun ubansa, shi mu ke gani a katakon ajinmu.

Ginin sheƙa

Tsattsewa magina ce ta ainihi, bakinta kuwa shi ne kayan aikinta duka. Namiji da tamata tare su ke aikin. Su kan fara neman wuri mai inuwa, inda ruwa ba ya taɓawa, kusa da rufi, inda kyanwa ko maciji ba za su kai ba da sauƙi. A zamanin da cikin kogon dutse su ke yi, amma da mutane suka fara gina ɗakuna sai suka biyo mu. Shi ya sa ka ke ganinsu a zaure, da baranda, da majami'a, da masallaci, da ɗakin makaranta.

In sun sami wuri sai su sauka bakin kududdufi ko inda ruwa ya kwanta a hanya, su ɗebi taɓo cike da baki, su zo su manna a jikin katako. Loma bisa loma, jeri bisa jeri, kamar yadda a ke aza tubali. Su kan cuɗa taɓon da busasshiyar ciyawa, daidai yadda maginanmu ke zuba ramno cikin ƙasar gini don kada ta tsage. Mun lura kuma da safe su ke yawan aikin, in rana ta yi sai su bar shi su tafi kiwo. Dalili kuwa a fili ya ke: in aka aza ɗanyen taɓo bisa ɗanye, nauyi zai ja ginin ya faɗo, tilas jerin yau ya sha iska kafin a ɗora na gobe. Masana sun ƙidaya lomar taɓo fiye da 1,000 a sheƙa ɗaya ta tsattsewar Turai, kowace loma kuwa tafiya guda ce zuwa bakin ruwa da komowa. Gaskiyar masu iya magana, da yayyafi kogi kan cika.

Tamu ta ɗauki kwana goma sha ɗaya. Da ta ƙare sai ta yi kama da rabin ƙoƙo an manna a katako, bakinta a buɗe ta sama. Sa'an nan suka shimfiɗa laushin ciyawa a ciki, suka bi da gashin kaza. Wata rana muka ga namijin ya cafe gashi tun yana yawo cikin iska, bai ko taɓa ƙasa ba.

Nan za ka gane abin da ya sa tamu ta ke jiran saukar ruwa. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, ba taɓon gini, ƙwari kuma sun yi ƙaranci. Damina ce ke kawo duka biyu. Tsohuwar sheƙa kuwa dukiya ce a wurinsu. In ba a rushe ta ba su kan komo su gyara bakinta su sake amfani da ita, su huta da aikin kwana goma.

Ƙwai da kwanci

Tamatar ta kan yi ƙwai ɗaya kowace safiya har su cika. Ƙwan fari ne, da ɗigo-ɗigon ja-ja. Ta Turai ta kan yi huɗu ko biyar, tamu kuwa ba ta cika kai haka ba. Don kada mu dame ta, madubi muka ɗaura a kan sanda, mu ɗaga shi sau ɗaya a yini sa'ad da ta fita. Ƙwai uku muka gani.

Ba ta fara kwanci sosai sai ƙwan sun kusa cika, don 'ya'yan su fito kusan lokaci guda, kada babba ya danne ƙarami. A lokacin nan gashin cikinta ya kan zube, fatar wurin ta yi ɗumi, ta haka zafin jikinta ke kai wa ƙwan kai tsaye. Kusan duk kwancin ita ke yi. Namijin ya kan zauna kusa yana gadi, in ya ga kyanwa ko shaho sai ya ɗauki kuka mai kaifi, ya yi ta kai masa bara. Mako biyu ke nan ko da 'yan kwanaki a kai. Ranar wata Talata wata yarinya ta tsinci ɓawon ƙwai a bakin taga, muka san an ƙyanƙyashe.

Reno

Ɗan tsattsewa ya kan fito tsirara, idonsa a rufe, ba abin da ya iya sai buɗe baki. Bakin nan kuwa faffaɗa ne, gefensa rawaya-rawaya, don iyaye su gan shi ko a cikin duhun rufi. Kwanakin farko uwar ta kan riƙa rufe su da jikinta, gama ba su da gashin da zai tsare su daga sanyi. Kafin mako ya cika idanu sun buɗe, gashi ya fara tsirowa.

A nan ne wahalar iyaye ta ke. Tsattsewa ba ta cin hatsi, ba ta tonon ƙasa. Abincinta duka ƙwari ne masu tashi: ƙuda, da sauro, da ƙananan ƙwaro, da shinge in ya fito bayan ruwa. A sama ta ke kama su, ko ruwa ma a guje ta ke sha, ta shafi bisan tafki da baki ta wuce. In za ta kai wa 'ya'ya, sai ta tara ƙwari da yawa ta dunƙule su a maƙogwaro, ta zo ta ɗura wa guda ɗaya, ta juya nan da nan. A Turai an lissafa iyaye su kan kai abinci har wajen sau 400 a yini ɗaya. Mu ma na sa yara biyu-biyu su riƙa yin zane a allo duk sa'ad da uwa ko uba ya shigo, kafin a tashi tara gefen allo ya cika. Da wannan zanen muka yi darasin lissafi na mako guda.

Wajen tsabta kuma akwai abin mamaki. Kashin ɗan tsako ya kan fito a naɗe cikin wata farar fata kamar 'yar jaka, iyaye su ɗauka da baki su yar can nesa. Amma in 'ya'yan sun kai kamar kwana goma sha biyu, sai su koyi juya baya su yi a bakin sheƙa, ya zubo ƙasa. Wannan ne ya kusa jawo mana asara.

Sheƙar nan daidai saman teburin malami ta ke. Wata safiya hedimasta ya shigo ya tarar an ɓata rajista. Ya ce a kawo gora a kakkaɓe abin nan yau. Ba na ganin laifinsa, rajista amana ce a hannunsa. Na bi shi waje na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙurin mako biyu. In an sake ɓata takarda ko guda, ni da kaina zan sauke ta." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai koyarwa aka aiko ka ko kiwon tsuntsu?" Na ce ai da tsuntsun na ke koyarwa, na nuna masa littattafan yara, da zanen da suka yi, da lissafin. Ya juya shafi biyu uku, ya ce, "Mako biyu." Muka janye tebur, muka shimfiɗa kwali a ƙasa, kowace safiya mai shara ya canza shi. Magana ta ƙare.

Ba duka abin ya tafi daidai ba. Wata Litinin muka zo muka tarar ɗaya daga cikin ukun ya faɗo, ya mutu, kiyashi sun rufe shi. Da a ranar makaranta ya faɗo da mun mai da shi, gama zancen nan da a ke yi wai in mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwar za ta ƙi shi ba gaskiya ba ne. A ƙarshen makon nan kuma wani ya fasa sheƙar mai jan kai da ke barandar aji shida, har yau ba a san ko wane ne ba. Ban yi faɗa da yawa ba, don na tuna ni ma ina yaro na yi irin wannan da danƙo, ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ke ciki.

Biyun da suka rage suka yi gashi, suka cika sheƙa har suna leƙowa. Da suka haura mako uku, sai iyayen suka riƙa zuwa kusa suna kira. Ran nan muna cikin karatu ɗaya ya saki katako, ya kewaya aji sau biyu, ya sauka bisa allo. Ajin ya kaure da sowa. Bayan sun tashi ma iyaye ba su sake su ba, suka ci gaba da ba su abinci kamar mako guda, da dare kuma duk su komo sheƙa su kwana. A Turai yawanci su kan sake yin ƙwai zubi na biyu a shekara ɗaya, har wani lokaci 'ya'yan fari su taya ciyar da ƙannensu.

Me ya hana ta Turai yin sheƙa a nan?

Wannan ita ce tambayar da wani yaro ya yi mini, ta kuwa dace. Amsar tana wajen abinci da tsawon yini. A Ingila cikin watan Yuni rana ta kan yi fiye da awa 16 ba ta faɗi ba, ƙwari kuma ga su ko'ina. Mu a nan yininmu bai cika wuce awa goma sha biyu da 'yan kai ba. Mai ciyar da baki biyar kuwa dogon yini ya ke so. Amma in hunturu ya shigo can, sanyi ya kan kashe ƙwari, mai cin ƙwari kuma sai ya tashi ko ya mutu. Sai ta nufo kudu, ta ƙetare Bahar Rum da Sahara. A wurinmu ta ke hutawa, ta zubar da tsohon gashi ta yi sabo, sa'an nan ta koma, sau da yawa garken da ta bari bara.

Turawan da ba su san wannan ba. Da suka ga ta ɓace da kaka, sai waɗansu, har da masana, suka ce wai cikin taɓon tafki ta ke nutsewa ta yi barci sai bazara. Zobe ne ya tabbatar da inda ta ke zuwa. A watan Mayu 1911 wani mutum, John Masefield, ya sa wa wata tsattsewa ɗan zobe mai lamba a ƙafa a lardin Staffordshire na Ingila. A watan Disamba 1912 aka kama ta a Natal, can Afirka ta Kudu, tafiyar fiye da kilomita 9,000. Ko doguwar wutsiyar nan ma an binciki amfaninta. A 1988 wani masani, Anders Møller, ya ba da labarin gwajin da ya yi a Denmak, inda ya rage wa waɗansu maza wutsiya, ya ƙara wa waɗansu, sai masu doguwar suka riga samun mata.

Mu ma a Nijeriya muna da rabonmu cikin labarin nan. A Ebbaken, ƙasar Boje, cikin Jihar Kuros Riba, akwai wani tudu mai doguwar ciyawa inda tsattsewar Turai ke taruwa miliyoyi su kwana. Mutanen wurin sun daɗe suna kama su don ci, a ƙafafunsu kuwa aka yi ta samun zobba daga ƙasashen Turai. Tun shekarun 1990 masana ke zuwa can suna sa zobe, suna kuma shawara da mutanen gari a kan rage kamun. Kusa da mu kuma, a Laminga wajen Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'yan ƙasarmu ke koyon wannan aiki. Saboda haka in yaro ya kawo maka tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ka yar, rubuta lambar da ranar da wurin.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba kowannenmu zai sami ajinsa. Makarantu da yawa ba su da kayan gwaji, amma da wuya ka sami wadda ba tsattsewa a rufinta. Ga shawarata. Kada a rushe sheƙa muddin da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. A Ingila ma dokar 1981 ta hana yin haka. In kashi ya dame ka, shimfiɗa kwali ko ka janye tebur, abin na 'yan kwanaki ne. Kada a toshe kafar da su ke shiga, musamman ran Jumma'a in za a kulle aji, gama 'ya'yan ba za su kai Litinin da yunwa ba. A bar yara su duba daga nesa, su ƙidaya, su zana, su rubuta kwanan wata. Ka tuna musu kuma tsuntsuwar nan ba ta taɓa gero ko dawa, ƙuda da sauro ta ke rage mana, ba ta kuwa neman lada.

Ranar da zan bar Manchok na shiga ajin in yi sallama, na tarar tamatar ta koma cikin sheƙa, tana gyara gashin kaza. Hedimasta ya ce a bar teburin inda ya ke. Wanda aka tura can bana, don Allah ya ɗaga kai ya duba mini, amma ya fara da maƙogwaro kafin ya buɗe baki. Allah ya ba mu ikon koyar da abin da muka tabbatar, amin.